Masu "Wanke BVN": Abin da Suke Sayarwa da Abin da Suke Kwasa

Duk inda aka tayar da maganar bashin manhaja a Facebook, leƙa ƙasan rubutun za ka tarar da su. Wannan ya ce yana da mutum a ciki, yana cire suna daga baƙin littafin bankuna. Wancan ya ce yana wanke BVN cikin awa 24, a same shi ta WhatsApp. Wasu har da hotunan saƙonnin godiya suke liƙawa, wai daga waɗanda aka yi wa aiki, ana ta Allah ya saka da alheri, an rufa mana asiri. Kuɗin aikin kuma ba ya tsorata mutum. A ce ana bin ka naira dubu 200, wani ya ce kawo dubu 15 a share komai, ai gani za ka yi ka tsinci dami a kala.

Kafin a je ga ko za su iya, sai an fara sanin wane littafi ake magana a kai, domin ba ɗaya ba ne, kuma rashin bambance su shi ne jarin farko na waɗannan mutane.

A Najeriya akwai kamfanoni uku da Babban Bankin Ƙasa, CBN, ya ba lasisin tattara tarihin bashin jama'a: CRC Credit Bureau, FirstCentral da CreditRegistry. Dokar da ta tsara aikinsu an sa mata hannu ne a 2017, lokacin Farfesa Yemi Osinbajo yana muƙaddashin shugaban ƙasa. Aikin nasu kamar littafin bashin mai kanti ne na unguwa, sai dai a nan duk masu kantin garin sun haɗu sun ajiye littafi ɗaya a hannun wani amintacce, kowa yana zuwa ya rubuta wanda ya ci bashinsa, nawa ya biya, yaushe ya makara. Amintaccen nan ba ya ƙirƙirar komai. Bankuna ne, da ƙananan bankuna, da kamfanonin ba da lamuni masu rajista suke aika masa bayani lokaci bayan lokaci, a liƙa shi da lambar BVN ɗin mai bashin. Idan ka je wani banki neman rance, sai su nemi rahotonka su duba. Kuma ba laifi kaɗai ake rubutawa ba. Wanda ya ci bashi ya biya kan lokaci shi ma yana ciki, kuma wannan shi ne shaidarsa ta kirki ranar da zai nemi wanda ya fi shi girma.

Daga nan kaɗai mutum zai gane inda alƙawarin mai wanke suna ya rushe. Ko da a ce da gaske yana da wani a cikin kamfanin, ya shiga kwamfuta ya goge layin da ke ɗauke da bashinka, bashin yana nan daram a wurin wanda ya ba ka. Ranar da bankin ya sake aika bayanan masu bashinsa, sunanka zai dawo inda yake. Kuma kamfanonin uku ne, kowanne da rumbunsa, ga na CBN shi kansa da bankuna ke shigar da lamunin da suka bayar. Dubu 15 ɗinka ba za ta zagaye duk waɗannan ba.

Abu na biyu da ake cakuɗawa da wannan shi ne GSI, tsarin da CBN ya fara aiki da shi a kan ɗaiɗaikun mutane ranar 1 ga Agusta 2020. A lokacin karɓar rance mutum yana sa hannu cewa in ya kasa biya, bankin yana da damar bin BVN ɗinsa ya cire kuɗin daga duk wani asusunsa da ke wani banki. Shi ya sa za ka ji wani yana rantsuwa shi bai taɓa hulɗa da banki kaza ba a 'yan shekarun nan, amma ya wayi gari da alat an kwashe masa kuɗi. Na uku kuwa shi ne jerin sa-ido na BVN, wanda CBN ya fitar da ƙa'idojinsa a 2017. Wannan na waɗanda aka tabbatar sun yi zamba ne ko sun yi yunƙurinta ta hanyar banki. Makara wajen biyan bashi ba ta kai mutum can. Don haka in yaron wata manhaja ya kira ka yana ihu wai nan da ƙarfe huɗu za su toshe maka BVN, ka sani barazana ce kawai. Manhajar ba da bashi ba ta da wannan ikon. Abin da mai rajista a cikinsu zai iya shi ne ya kai sunanka ga kamfanonin nan uku, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma ba toshe BVN ba ne.

Wannan sana'a ba a nan aka fara ta ba. A Amurka ta yi ƙarfi, inda makin bashin mutum, wanda a ma'aunin FICO yake tsakanin 300 zuwa 850, yake yanke masa hukuncin ko zai sami hayar gida, ko rancen mota, da kuɗin ruwan da za a ɗora masa. A can ma manyan kamfanonin uku ne: Equifax, Experian da TransUnion. Dokarsu ta ce mummunan bayani na gaskiya yana zama a rahoton mutum shekara 7, wani nau'in karyewar arziki ma har 10, kuma in mutum ya ƙalubalanci wani bayani, kamfanin yana da kimanin kwana 30 ya bincika. Masu gyaran suna sai suka mayar da wannan wa'adi hanyar cin abinci: su yi ta aika ƙorafi a kan kowane layi, na gaskiya da na ƙarya, wanda ba a kai ga tantancewa ba ya sauka na ɗan lokaci, su nuna wa mai kuɗin cewa ga aiki ya yi kyau, bayan an tantance kuma ya dawo. Wasu suna sayar wa mutane sabuwar lamba wai su fara rayuwa da ita, alhali lambar shaidar wani ce aka sato, sau da yawa ta ƙaramin yaro, mai sayen ya tashi daga mai bashi ya koma mai laifi. Abin ya kai majalisarsu ta yi doka ta musamman a 1996, wadda ta hana irin waɗannan kamfanoni karɓar ko sisi kafin su kammala aikin da suka yi alƙawari, ta wajabta rubutacciyar yarjejeniya, ta kuma ba mutum kwana 3 ya janye. Duk da haka ba su daina ba. A 2023 aka yanke wa kamfanonin da ke bayan Lexington Law da CreditRepair.com hukuncin dala biliyan 2.7 saboda karɓar kuɗi tun kafin aiki, kuma a Disamban 2024 hukumar kare masu hulɗar kuɗi ta ƙasar ta sanar da rabon dala biliyan 1.8 ga mutum miliyan 4.3 da abin ya shafa. Waɗannan fa masu ofis ne, da lauyoyi, da talla a rediyo da talabijin. To ina ga wanda duk abin da ka sani game da shi lambar WhatsApp ce da hoton wata mota?

Sai dai namu sun bambanta da na can ta wata fuska, kuma nan ne hatsarin ya fi yawa. Na Amurka kuɗin wata-wata yake nema. Namu kuɗin aikin ɗan somin-taɓi ne. Abin da ya zo ɗauka shi ne kai kanka.

Dubi yadda cinikin yake tafiya. Ka tura kuɗin, sai ya ce to yanzu a turo BVN, domin ai ita za a wanke. Wannan ba ya ba ka tsoro, hankali ma ya ɗauka. Sai ya nemi cikakken suna da ranar haihuwa, da hoton takardar NIN gaba da baya, da lambar wayar da ke kan asusun. Can anjima ya ce tsarin yana son hoton fuskarka, ka ɗauki ɗan gajeren bidiyo kana ƙifta ido kana juya kai. Daga nan ya ce za a gwada ko wankin ya kama, a ba shi lambobin da ke jikin katin ATM, da ranar ƙarewarsa, da ukun nan na baya. Sannan maganar ƙarshe, wadda yake faɗa cikin sauri kamar ba komai ba: wasu lambobi za su shigo wayarka yanzu, karanto min su kafin su mutu. Kowace buƙata ita kaɗai tana da ɗan dalilin da za a iya kawowa. In ka tara su wuri ɗaya kuwa, su ne daidai abin da ake buƙata a buɗe sabon asusu da sunanka a wata manhaja, a karɓi sabon rance da BVN ɗinka, a kuma yashe wanda kake da shi. Wanda ya zo da bashi ɗaya sai ya koma da uku, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ya kamata a faɗi gaskiya a kan BVN, domin tsoron da ake yi mata wani lokaci yana kauce wa inda ya dace. Lambobi 11 ɗin nan da aka ɓullo da su a Fabrairun 2014 su kaɗai ba sa fitar da kuɗi daga asusu. Amfaninsu ga ɗan damfara shi ne su buɗe masa bayananka, ya kira ka ya ambaci sunanka har da na mahaifinka, da ranar haihuwarka, da bankinka, kai kuma ka saki jiki ka ce lallai daga banki ne. Abin da ke buɗe ƙofar shi ne lambar sirrin kati, da kalmar sirrin manhaja, da OTP, wato lambobin nan da ake turowa waya don tabbatar da ciniki. Babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai nemi ɗaya daga cikin ukun nan, ta waya ko ido da ido. Duk wanda ya nema, ko da muryarsa ta fi ta mai karanta labarai daɗi, an gama magana.

Me ya sa mutane masu hankali suke faɗawa? Ana yawan cewa kwaɗayi ne, ni kuwa ina ganin a wannan fannin kunya ta fi kwaɗayi aiki. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba kowa ke so a ga nasa ba, balle bashin da ke da kuɗin ruwa, wanda mutum ya san abin da addini ya ce a kai, ya karɓa a ɓoye cikin dare da wayarsa saboda kuɗin asibiti ko na makaranta. Manhajojin nan sun gane haka tun da wuri. Suna kwashe lambobin da ke wayar mai karɓa, ranar da ya makara su aika wa surukinsa da limamin unguwarsu da shugabansa na aiki cewa wane ɓarawo ne, wasu har da hotonsa da sanarwar rasuwa ta ƙarya. A Agustan 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 a kan irin wannan keta sirri. A Maris 2022 hukumar kare masu sayayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas, daga baya a shekarar ta fito da tsarin yi musu rajista. Google shi ma daga 31 ga Mayun 2023 ya hana manhajojin rance da ke rumbunsa taɓa lambobin waya da hotuna. Abin ya ragu, amma masu taurin kai sun koma tura manhajar kai tsaye ta WhatsApp, inda ba mai tace ta.

Mutumin da aka yi wa wannan tozarci, ko yake jiran a yi masa, ba ya shawara da kowa, domin shawarar ita ce tonon asirin da yake gudu. Mai wanke suna kuwa sirri yake sayarwa kafin komai. Sannan ya san abu ɗaya da ke kare shi: wanda ya biya kuɗi don a yi masa kutse a goge bashin da ya san ya ci, da wane baki zai je wurin 'yan sanda ya ba da labari? Shi ya sa yawancin waɗannan ɓarnar ba a jin su.

Akwai wani rukuni a Arewa da nasu ya bambanta, waɗanda suke cikin littafin ba tare da sun san ma sun shiga ba. Lokacin korona a 2020, CBN ya ware naira biliyan 50 a tashin farko don rancen tallafa wa magidanta da ƙananan 'yan kasuwa ta bankin NIRSAL. Kafin nan akwai shirin ba manoma lamuni na Anchor Borrowers, wanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015. Dukkansu rance ne, amma a bakin jama'a da yawa sunansu tallafi, ko rabon gwamnati. Ejan-ejan suka cika gari suna tattara BVN, suna cike fom a shagunan intanet, sau da yawa da imel da kalmar sirrin da su suka ƙirƙira, mai sunan bai taɓa gani ba. Kuɗi ya fito a raba, ejan ya ɗauki kasonsa, wani lokaci kaso mafi tsoka. Shekaru suka wuce, aka fara bin kuɗin ta GSI, sai ga mutum ana cire masa cikakken abin da rabinsa kawai ya taɓa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Irin waɗannan su ne yanzu ake bi da tallar za a cire ka daga jerin masu bashin korona, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar mai tallar daga cikin ejan-ejan ɗin jiya ya fito.

Bayanan da ake tarawa kuma suna da kasuwa. A Yunin 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bankaɗo shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN da BVN na 'yan ƙasa a kan kuɗi ƙalilan, wani ma naira 100 kacal. A 2025 EFCC ta yi gargaɗi a kan dubban matasa da ke yawo suna ba mutane naira 1,500 zuwa 2,000 su karɓi takardar NIN da BVN da hotonsu, su sayar gaba a buɗe asusu da su. Asusun da aka buɗe da sunanka, in aka zuba kuɗin damfara ko na fansa a ciki, mai bincike sunanka da fuskarka zai fara gani. Wannan shi ne hanyar da mutum zai iya shiga jerin sa-idon nan na gaske, wanda tun farko bashi bai kai shi ba. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023, da hukumar NDPC da ta kafa, suna iya kama kamfanin da ya yi sakaci da bayananka. Wanda ka miƙa da hannunka a kan dubu biyu kuwa, da wuya su cece ka.

To me ake iya gyarawa? Kuskure, kuma ana samunsa sosai. Mutum ya biya bashinsa tas amma bankin bai sabunta ba. An rubuta adadin da ya wuce na gaskiya. An liƙa masa rancen da bai taɓa nema ba. Dokar 2017 ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, kuma yana da kyau a duba duka kamfanonin uku, tunda ba lallai mai ba da bashi ya aika wa dukkansu abu iri ɗaya ba. In ka ga abin da ba daidai ba, ka rubuta ƙorafi ga wanda ya ba da bayanin da kuma kamfanin da ke ajiye da shi, ka haɗa da rasit ko bayanan asusun da ke nuna ka biya. Doka ta wajabta musu bincike, in sun yi biris akwai sashen kare masu hulɗa da bankuna na CBN, bayan shi kuma kotu. Babu matakin da ke buƙatar ɗan tsakiya a cikin wannan. Duk wanda ya kammala biyan rance kuma, kada ya bar wurin sai da takardar shaidar cewa ba a bin sa komai, ya adana ta kamar takardar fili, domin bayan shekara uku ba wanda zai tuna da kai a reshen.

Bashin gaskiya kuwa hanyarsa ɗaya ce: a koma wurin mai shi. Bankuna da yawa sun fi son a zo a zauna a sake tsara biya, ko a yafe wani ɓangare na tarar makara, a kan su yi ta bin mutum. Abin kiyayewa shi ne yarjejeniyar ta zama a rubuce, biyan kuma ya tafi asusun kamfanin. Akwai wata damfarar da ke fakewa a nan: wani ya kira ya ce shi jami'in karɓar bashi ne, an yi maka rangwame, biya rabi yau a rufe fayil, sai ya turo lambar asusu mai sunan mutum. Kuɗin ya tafi, bashin yana nan. Kuma ko an biya, tarihin makarar ba ya ɓacewa nan take. Abin da ke canzawa shi ne a nuna an biya, sannan biyan da ya biyo baya a kan lokaci ya riƙa danne na baya. Yanzu da gwamnatin tarayya ta kafa CREDICORP, mai sauƙaƙa wa jama'a sayen kaya bashi, da asusun lamunin ɗalibai na NELFUND a 2024, mutanen da rayuwarsu za ta ratsa ta cikin wannan littafi sai ƙaruwa suke.

Wani abin da ake rainawa shi ne layin waya. A yau layinka shi ne makullin asusunka: ta kansa OTP ke shigowa, ta kansa ake tura kuɗi da lambobin USSD, kuma wanda ya sa shi a wata wayar ya danna *565*0# zai ga BVN ɗinka. Ɓarayin waya da yawa ba wayar ce ta dame su ba. Sa wa layin lambar sirri aikin minti biyu ne a saitin waya, amma ƙalilan ne ke yi. In waya ta ɓata, banki ake fara kira a rufe asusu, sannan kamfanin layi, tun kafin a fara zagayen cigiya. Haka in layi ya ɗauke sabis haka kawai alhali na kusa da kai nasu yana aiki, kada a jira gobe, domin mai yiwuwa wani ne ya je ya yi walkam-bak da sunanka, wato ya karɓi sabon SIM na layinka. Sai ɗabi'unmu na yau da kullum: dattijo ya miƙa wa mai POS kati ya faɗi lambar sirri da ƙarfi a gaban layi, wata ta naɗe katin da takardar da aka rubuta lambar a jiki, rabin gari kuma shekarar haihuwarsu ce lambar. Mata da yawa an buɗe musu asusu da lambar wayar miji ko ƙane, wato duk abin da aka karɓa da sunansu ba su ne ke ganin saƙon ba.

A nan akwai laifin da ba na talaka ba. Rahoton bashin da Turanci yake, ta intanet ake nemansa, ƙorafin ma a rubuce ake so. Manomin da ke ƙauye wanda aka cire wa kuɗi dole sai ya nemi wanda zai duba masa, kuma wannan gurbin ne ɗan damfara yake cikewa. Kamfanonin nan da bankuna da CBN suna iya yin bayanin da Hausa a rediyo, inda mutanen suke, kamar yadda suke tallar buɗe asusu. Kafin su yi, wanda ba makawa sai ya je shagon intanet ya tafi da ɗansa ko wani nasa mai karatu, ya zauna kusa da mai cikewar, ya tabbatar lambar wayarsa aka sa ba ta mai shagon ba, ya danna kalmar sirrin da hannunsa, in an gama a fita daga shafin a gabansa, ya kuma karɓe duk kwafin takardunsa, har da wanda injin ya ɓata aka jefa a kwando.